Dokta Bala Usman: Jikan sarakuna da ya ja da IMF saboda kasuwar cikin gida

A ranar Asabar 24 ga Satumban 2005 ne Allah Ya yi wa Dokta Yusufu Bala Usman rasuwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, yana da shekara 60 a duniya.

Akasarin jama'a sun san shi a matsayin masanin tarihi, ɗan gwagwarmaya, kuma malamin jami'ar da ba ya shakkar gaya wa masu mulki gaskiya, ko da kuwa sojoji ne.

Sai dai akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ba a cika waiwaya ba, wato doguwar jayayyar da ya yi a kan cinikin Najeriya da ƙasashen waje: me ƙasar ke sayarwa, me take sayowa, kuma aljihun wa riba ke faɗawa a tsakani.

A yanzu da aka janye tallafin man fetur, aka bar kasuwa ta yi wa naira farashi, ake kuma ta cacar baki kan shigo da shinkafa da masara, tambayoyin da ya yi tun a shekarun 1980 sun sake dawowa sabbi.

Ɗan gidan sarauta

An haife shi a 1945 a garin Musawa da ke Jihar Katsina ta yanzu. Mahaifinsa shi ne Durɓin Katsina, ɗan'uwan Sarki Usman Nagogo, don haka Bala Usman jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne. Mahaifiyarsa kuwa 'yar Sarkin Kano Abdullahi Bayero ce.

Ya yi firamare a Musawa da Kankiya da Minna, sannan ya shiga Kwalejin Gwamnati ta Kaduna. Daga nan ya ƙetara Ingila, inda ya yi digirinsa na farko a fannin tarihi da kimiyyar siyasa a Jami'ar Lancaster.

Ya dawo gida a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke. A wancan lokaci ɗan Arewa mai digiri daga Ingila, kuma jinin sarauta ta uwa da uba, babu ofishin da zai nema ya rasa. Amma sai ya ɗauki alli, ya zama malamin tarihi a Kwalejin Barewa da ke Zariya har zuwa 1971.

Yana Barewa ya fara karatun gaba da digiri a Jami'ar Ahmadu Bello a ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, Baturen da ya musulunta wanda ya kafa sashen tarihi na jami'ar. Ya kammala digirin digirgir a 1974, kuma a wannan sashe ya yi kusan duk rayuwarsa ta aiki.

Abin da ya gano a tarihin Katsina

Bincikensa na digirin digirgir a kan ƙasar Katsina ne, kuma an buga shi littafi a 1981 da sunan The Transformation of Katsina, 1400-1883.

Da yawa daga cikin Turawan da suka rubuta tarihin ƙasar Hausa kafin shi sun ɗauki jihadin farkon ƙarni na 19 a matsayin faɗan ƙabilanci tsakanin Haɓe da Fulani. Bala Usman ya ƙi yarda da wannan fassara.

Shi abin da ya bi diddigi shi ne tsarin sarauta da kansa: wa ke riƙe da ƙasa, wa ke karɓar haraji, ina matsayin malamai da attajirai da masu sana'a, kuma yaya birni ke hulɗa da ƙauyukan da ke ciyar da shi. Ya kuma binciki tarihin sarakunan Katsina da suka koma Maraɗi bayan birnin ya faɗa hannun masu jihadi a 1807.

Hatta rubuce-rubucen Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe da ya shiga Katsina a 1851, bai ɗauke su kamar yankan wuƙa ba. Ya koya wa ɗalibansa su riƙa tambayar ko wane ne ya rubuta labari, wa ya aiko shi, kuma me yake nema.

Katsinar da ya yi nazari a kanta babbar cibiyar kasuwanci ce. Ayarin raƙuma na shigo mata daga Agadas da biranen Sahara, fatake na fita zuwa Gwanja neman goro. Amma a ƙarƙashin wannan fatauci akwai manoman gero da dawa da auduga, da masaƙa da marina da maƙera da dukawa, waɗanda ke samar da abin da ake ci da abin da ake sayarwa.

Wannan alaƙa tsakanin mai samar da kaya da mai cin riba a kansa ita ce ta ci gaba da bayyana a rubuce-rubucensa, har lokacin da ya juya ga tattalin arzikin Najeriya ta zamani.

Zamanin Murtala

Hawan Janar Murtala Muhammed mulki a Yulin 1975 ya fito da matashin malamin daga aji zuwa fagen ƙasa. An sa shi cikin kwamitin sake duba manufofin Najeriya kan harkokin waje, wanda Farfesa Adebayo Adedeji ya shugabanta.

Lokaci ne da Najeriya ta yi tsayuwar daka a kan Angola. A Nuwamban 1975 ta amince da gwamnatin MPLA, duk da matsin lambar Amurka, kuma Bala Usman na cikin tawagar da ƙasar ta tura Angola a 1976.

Haka kuma yana cikin mutum 49 da suka yi aikin tsara daftarin kundin tsarin mulki a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams. A nan ne shi da Dokta Segun Osoba suka raba gari da sauran, suka rubuta nasu rahoton na marasa rinjaye tare da cikakken daftari.

Babban abin da suka nema shi ne ilimi da lafiya da sauran haƙƙoƙin rayuwa su zama abin da talaka zai iya kai gwamnati kotu a kansu, sannan masu riƙe da muƙamai su bayyana dukiyarsu a bainar jama'a.

Gwamnatin soja ta yi watsi da rahoton. Har gobe, babi na biyu na kundin 1999 ya lissafa waɗannan haƙƙoƙi, amma kundin ya hana kotu tilasta wa gwamnati cika su. Sai a 2019 aka buga rahoton mutanen biyu a matsayin littafi.

Daga aji zuwa gidan gwamnati

A Jamhuriya ta Biyu ya shiga jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, wadda ta ci gwamnonin Kano da Kaduna a 1979. Ya zama sakataren gwamnatin Jihar Kaduna a zamanin Alhaji Balarabe Musa, lokacin Katsina tana cikin jihar.

Gwamnatocin PRP biyun sun soke haraji da jangali, kuɗaɗen da hakimai da dagatai ke tarawa tun zamanin Turawa. Ga jikan Dikko, wannan mataki ya taɓa gidan da ya fito kai-tsaye, amma hakan bai sa ya ja da baya ba.

Tafiyar ba ta yi nisa ba. Majalisar jihar, wadda 'yan NPN suka fi yawa a ciki, ta ƙi amincewa da kwamishinonin gwamna, sannan ta tsige shi a ranar 23 ga Yunin 1981.

Bayan mako biyu da 'yan kwanaki, a ranar 10 ga Yuli, aka kashe Dokta Bala Muhammad, masanin kimiyyar siyasa kuma mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara, a tarzomar da ta ɓarke a Kano. Daga bisani Bala Usman ya koma jami'a.

Dillalai da 'yan kwangila

Ya koma Zariya ne daidai lokacin da guguwar arzikin mai ta fara lafawa. Farashin ɗanyen mai ya karye, kuɗin ƙasashen waje ya yi ƙaranci, masana'antu suka rasa kayan aiki suka fara sallamar ma'aikata. A Afrilun 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu.

Gwamnati ta ɗora laifin a kan faɗuwar farashin mai. Bala Usman ya ce wannan ba shi ne tushen ciwon ba.

A wata muƙala da ya fitar a farkon shekarun 1980, ya nuna yatsa ga wani rukuni da ya zauna a tsakanin baitulmalin ƙasa da kamfanonin waje: dillalai, 'yan kwangila, da ƙwararrun da ake ɗauka haya don ba da shawara. A ganinsa waɗannan ba sa noma, ba sa ƙera komai, sai dai su haɗa ciniki su karɓi kamasho.

Misalan a bayyane suke a wancan zamani. A ƙarshen mulkin Gowon an yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, alhali tashar jiragen ruwa ta Legas ba ta iya sauke fiye da kusan tan miliyan ɗaya a shekara. Sama da jirage 400 suka yi cirko-cirko a teku, gwamnati na biyan su kuɗin jira.

A zamanin Shagari kuwa lasin shigo da kaya, musamman na shinkafa, ya zama haja. Ɗan siyasa ya karɓi takarda a ofis, ya sayar wa ɗan kasuwa, ya soke ribarsa ba tare da ya ga ko buhu ɗaya ba. Wasu kuma su ƙara farashi a takardun kayan da suka yi oda, bambancin ya zauna a asusunsu na waje.

Da wannan ma'auni ya auna rikicin addini ma. Tun a laccar da ya gabatar a Zariya a ƙarshen 1977, lokacin da ake taƙaddamar Shari'a a majalisar tsara kundin mulki, ya ce wannan rukuni na buƙatar labule don kada talaka ya gane aikinsa, kuma addini da ƙabilanci su ne labulen.

Ya faɗaɗa wannan bayani a littafinsa na 1987, The Manipulation of Religion in Nigeria, bayan ƙasar ta ga rikicin Maitatsine a Kano a 1980 da na Kafanchan a Maris ɗin 1987.

Ba kowa ne ya yarda da shi ba, ko a cikin abokan tafiyarsa. Yusuf Bangura, ɗan ƙasar Saliyo da ke koyar da kimiyyar siyasa a jami'ar, ya rubuta martani cewa ɗora komai a kan dillalai da cin hanci bai isa ba, domin matsalar na cikin tsarin jari-hujja da kansa da kuma rikicin da ya shiga a duniya. Bala Usman ya mayar da amsa, kuma muhawarar tasu ta zama abin karatu ga ɗaliban tattalin arziki da siyasa.

Muhawarar IMF

A 1983 gwamnatin Shagari ta nemi rancen sama da dala biliyan 2 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF. Asusun ya gindaya manyan sharuɗɗa uku: a karya darajar naira, a janye tallafin mai, a kuma sassauta dokokin shigo da kaya.

Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙi waɗannan sharuɗɗa, ta koma musayar ɗanyen mai da kaya da ƙasashe irin su Brazil. Da Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki a Agustan 1985, sai ya ce 'yan ƙasa su yi muhawara a kan rancen.

Jaridu da rediyo suka ɗauka, ƙungiyoyin ƙwadago da ɗalibai da malaman jami'a suka yi ca. Bala Usman na cikin waɗanda muryarsu ta fi amo wajen adawa. A 1986 ya fitar da littafin Nigeria Against the IMF: The Home Market Strategy, wato matsayin Najeriya a gaban asusun da kuma dabarar dogaro da kasuwar cikin gida.

Hujjarsa mai sauƙin fahimta ce. Ƙasar da ke sayar da ɗanyen mai kaɗai, a farashin da ba ita ke yankewa ba, karya darajar kuɗinta ba zai sa ta sayar da ƙarin ganga ba. Abin da zai faru shi ne magani da taki da kayan gyaran inji su yi tsada, albashi ya zama ba ya sayen komai.

Mafitar da ya kawo ita ce a juya akalar tattalin arziki zuwa gida. Gona ta ciyar da masana'anta da ɗanyen kaya, masana'anta ta samar wa manomi abin da yake buƙata, sannan ma'aikaci da manomi su samu kuɗin da za su sayi abin da aka samar. Ciniki da ƙasashen waje ya zo a matsayin cikon abin da aka rasa.

Masu ra'ayin asusun su ma suna da tasu hujja. Sun ce tsadar naira ta ƙarya da tsarin lasin su ne suka haifi dillalan da yake kuka da su, kuma hukumomin sayen amfanin gona sun daɗe suna danne manomin gyaɗa da auduga da koko ta hanyar biyan sa ƙasa da farashin duniya.

A Disamban 1985 Babangida ya sanar cewa Najeriya ba za ta karɓi rancen ba. Jama'a suka yi murna, ashe an gudu ne ba a tsira ba.

Abin da ya biyo baya

A tsakiyar 1986 gwamnati ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, da goyon bayan Bankin Duniya da IMF. A Satumba aka fara gwanjon kuɗin ƙasashen waje, aka soke lasin shigo da kaya, a cikin wannan shekara kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona.

A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba a farashin gwamnati. Zuwa 1987 ta kai kimanin naira 4. Manoman koko a Kudu sun ga ƙarin kuɗi, amma ma'aikata da mazauna birane suka shiga halin ni-'yasu, abin da ya kai ga zanga-zangar ƙin jinin SAP a 1989.

Wani abin lura shi ne gwamnatin ta hana shigo da wasu kayan abinci duk da wannan sassauci. Ta hana shinkafa da masara a 1985, sannan alkama daga Janairun 1987.

Tun kafin nan, Björn Beckman, wanda ya koyar da kimiyyar siyasa a Zariya, shi da Gunilla Andrae sun fitar da littafin The Wheat Trap a 1985, inda suka nuna yadda burodi ya ɗaure Najeriya ga alkamar Amurka.

Hanin ya ɗaga farashin alkama, manoma suka rungumi nomanta a Kadawa da fadamun kogin Haɗeja, da injinan ban-ruwa. Amma ruwan da ake tarewa a madatsar Tiga tun 1974 domin manyan ayyukan noman rani ya rage ambaliyar da masunta da makiyaya da manoman shinkafa ke dogaro da ita a dausayin Haɗeja zuwa Nguru, inda Baturiya take.

A 1992 aka ɗage hanin, alkamar waje ta dawo, kasuwar ta gida ta karye. Rufe ƙofa kaɗai bai gina kasuwar cikin gida ba, tunda ba a haɗa manomi da kamfanonin fulawa a kan tsari mai ɗorewa ba.

Masaƙu ma haka. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a 1995, aka ɗage hanin shigo da yadi a 1997. Da aka haɗa da matsalar lantarki da fasa-ƙwauri, sai masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, UNTL ta biyo baya a 2007. Manomin auduga na Funtuwa da Malumfashi ya rasa babban mai saye.

Kora da komawa

Zaman malamai masu irin ra'ayinsa da gwamnatin soja ya ƙara tsami bayan kisan ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello a Mayun 1986. Daga binciken da kwamitin Janar Emmanuel Abisoye ya yi ne aka fara zargin wasu malamai da koyar da abin da ba shi aka ɗauke su su koyar ba.

A 1988 aka kori Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa ɗan asalin Jamaika, daga ƙasar. A 1989 aka sallami Bala Usman daga aiki. Ya garzaya kotu, ya yi nasara, ya koma ajinsa.

A waɗannan shekaru shi da abokan gwagwarmayarsa, ciki har da Balarabe Musa, sun riƙa fitar da mujallar The Analyst da Turanci da kuma Fitila da Hausa, domin muhawarar ta isa ga wanda bai je jami'a ba.

Shekarun ƙarshe

Daga baya ya jagoranci cibiyar bincike da horarwa kan dimokuraɗiyya ta CEDDERT da ke Hanwa a Zariya. A 2000 shi da Alkasum Abba suka fitar da The Misrepresentation of Nigeria, inda suka ƙalubalanci masu cewa Najeriya haɗin gambiza ce ta ƙabilun da babu abin da ya haɗa su kafin zuwan Turawa.

Matsayinsa cewa man fetur na yankin Neja Delta mallakar ƙasa ne baki ɗaya ya jawo masa zazzafan martani daga malaman yankin, ciki har da Farfesa Peter Ekeh. Wasu tsofaffin masoyansa a Kudu sun ga kamar ya koma kare muradun Arewa, yayin da masu goyon bayansa ke cewa matsayin da yake kai tun 1976 ne, na ƙasa ɗaya da ɗan ƙasa ɗaya.

Har ya koma ga Mahaliccinsa da laƙabin Dokta aka san shi, duk da cewa da yawa daga cikin ɗalibansa sun zama farfesoshi. Bayan rasuwarsa aka buga tarin muƙalunsa na tarihi mai suna Beyond Fairy Tales a 2006, kuma Jihar Katsina ta sa wa wata kwaleji a Daura sunansa.

Tun daga lokacin Najeriya ta gwada hanyoyi biyun. Ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 don kare shinkafar gida. A 2023 ta janye tallafin mai ta kuma saki naira, sannan a Yulin 2024 ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150.

A kowane mataki manomi da ma'aikaci ne ke fara ji a jikinsu. Shi ya sa tambayar da Bala Usman ya koya wa ɗalibansa ke da amfani har yanzu: idan aka kawo sabuwar manufa, a duba wa ya noma, wa ya saya, wa kuma ya karɓi kamasho a tsakani.

Allah Ya jiƙan Dokta Yusufu Bala Usman, Ya gafarta masa kurakuransa.